Yadda ake koya wa 'yan kadet shiga daji a Birtaniya

A watan Mayu na kusan kowace shekara, matasa kimanin 2,400 ne kan kwana a sansanin soja na Okehampton da ke kudu maso yammacin Ingila, suna dakon ƙarfe bakwai na safiyar Asabar.

Da zarar lokacin ya yi sai su bazu cikin dajin Dartmoor, rukuni-rukuni na mutum shida-shida, kowa goye da abincinsa da kayan kwanansa.

Ana buƙatar kowane rukuni ya bi ta kan duwatsu goma, ya yi tafiyar mil 35 ko 45 ko 55 gwargwadon shekarun waɗanda ke cikinsa, sannan ya koma sansani kafin ƙarfe biyar na yammacin Lahadi. Babu wani babba da ke tafiya tare da su.

Rundunar sojan Birtaniya ce ke shirya wannan tattaki da ake kira Ten Tors, wanda aka fara a shekarar 1960. Masu shiga cikinsa sun haɗa da 'yan makaranta, da 'yan sikawut, da kuma 'yan kadet.

To sai dai kafin a saki yaro ɗan shekara 14 ya kwana a irin wannan wuri, akwai abubuwa biyu da sai an tabbatar ya sani: yadda zai kula da ransa, da kuma yadda zai ratsa gonar wani ba tare da ya yi masa ɓarna ba.

Su wane ne 'yan kadet?

'Yan kadet a Birtaniya yara ne maza da mata da ke sanya kaki suna yin fareti, amma ba sojoji ba ne. Ba a tura su fagen daga, kuma babu tilas a kansu su shiga aikin soja idan sun girma.

Ƙungiyar da ke ƙarƙashin sojan ƙasa tana ɗaukar yara daga shekara 12 zuwa 18. Akwai irinta ta sojan ruwa da ta sojan sama, akwai kuma wadda ake gudanarwa a cikin makarantu. Ma'aikatar tsaro na tallafa musu, amma galibin masu koyar da su 'yan sa-kai ne da ke da ayyukansu na yau da kullum.

Fita daji na cikin darussan da ake ba su tun daga matakin farko, kuma da yawansu kan haɗa wannan darasi da neman lambar yabo ta Duke na Edinburgh.

Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniya Elizabeth, shi ne ya kafa wannan shiri a 1956, tare da tsohon malaminsa Kurt Hahn, wani Bajamushe masanin ilimi. Wanda ya fara shugabantar shirin shi ne John Hunt, jagoran ayarin da ya fara kai wa ƙololuwar dutsen Everest a 1953.

Mai neman lambar tagulla zai yi tafiyar kwana biyu ya kwana ɗaya a waje. Ta azurfa kwana uku ce, ta zinariya kuma kwana huɗu. A tafiyar ƙasa, rukuni ba ya gaza mutum huɗu, ba ya kuma wuce bakwai.

Waɗanda suka san horon Man O' War a Nijeriya ba za su ga baƙon abu a nan ba. An fara shi ne a 1951 a gaɓar tekun Kamaru bisa tsarin makarantun Outward Bound da shi Kurt Hahn ɗin ya assasa, kuma daga bisani aka buɗe masa makaranta a duwatsun Shere da ke kusa da Jos.

Jaka da takalmi

Darasi na farko ana yinsa ne a ɗaki, jaka a ƙasa, kaya a baje.

Ƙa'idar da ake bi ita ce kada nauyin jakar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin mai ɗaukarta. Wato yaron da nauyinsa kilo 48 ne ba zai goya abin da ya haura kilo 12 ba, kuma a cikin wannan ne za a lissafa tanti, da buhun barci, da risho, da abinci, da ruwa.

Don haka ake raba kayan da na kowa ne. Wannan ya ɗauki rigar tanti, wancan ya ɗauki sanduna da turaku, wani kuma tukunya.

Abu mai nauyi ana sanya shi kusa da gadon baya. Abin da za a iya nema cikin gaggawa, kamar rigar ruwa da akwatin magani, shi ne a sama. Buhun barci da tufafin canji kuwa ana ƙulle su cikin leda, domin jakar da aka ce ba ta shan ruwa ma takan jiƙe idan an wuni ana tafka ruwan sama.

Ana hana sanya wandon jins da rigar auduga. Dalili shi ne auduga na riƙe gumi da ruwa, ba ta saurin bushewa, kuma jiƙaƙƙen tufa yana zuƙe ɗumin jiki. Maimakon riga guda mai kauri, ana son riguna biyu ko uku marasa nauyi da za a iya cirewa a hawa, a mayar idan an tsaya.

Sabon takalmi kuwa, wanda iyaye kan saya ana gobe tafiya, shi ne ya fi komai mayar da yara gida tun ba a je ko'ina ba. Sai an yi makonni ana yawo da shi ya saba da ƙafa, in ba haka ba bororo ne zai biyo baya.

Taswira da kamfas

Dartmoor ba irin dajin da ke da itatuwa ba ne. Tuddai ne na ciyawa da fadamu da duwatsu, kuma hazo na iya saukowa cikin 'yan mintoci har mutum ya kasa ganin wanda ke taku ashirin a gabansa.

A nan ne ilimin taswira ke zama batun rai da mutuwa.

Hukumar safiyo ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1791, tana buga taswirori iri biyu da masu tafiyar ƙasa ke amfani da su. A ɗayar, santimita biyu na nufin kilomita ɗaya a ƙasa. A ɗayar kuma santimita huɗu ne, kuma ita ce ke nuna har katangu da shingayen gonaki.

An zana layuka a kan kowace taswira da suka raba ta gida-gida, kowane gida kilomita ɗaya ta kowace fuska. Da lambobi shida kacal ɗan kadet zai iya shaida wa masu ceto inda yake, kuma kuskuren ba zai wuce mita 100 ba.

Akwai kuma wasu siraran layuka masu lanƙwasa da ke nuna tsayin ƙasa. Inda suka matsu da juna, gangare ne mai tsanani. Inda suka yi nesa da juna, fili ne. Malamai kan ɓata lokaci mai tsawo a kan wannan, domin yaron da ya iya karanta su yana ganin tudu da kwari a takarda tun kafin ya isa wurin.

Kamfas ɗin da suke riƙewa bai bambanta da wanda matafiyi ke neman alƙibla da shi ba, illa dai an ɗora shi a kan wani falle na roba mai ma'auni. Ana aza shi a kan taswira, a ɗauki kusurwar inda za a nufa, sannan a bi ta ko da ba a ganin komai.

Idan hazo ya rufe, sai a koma ƙidayar taku. Kowane yaro ya san yawan takun da ke kai shi mita 100, saboda an sa shi ya auna tun a filin makaranta.

Wani zai ce ai wayar salula ta wadatar. Amsar malaman ita ce batir na saurin mutuwa cikin sanyi, kuma akwai kwaruruka da dama da babu sabis. A yawancin tafiye-tafiyen gwaji ana ƙulle wayar ne cikin leda, ba a buɗe ta sai in wani abu ya faru.

Kafin a tashi, kowane rukuni na cike wata takarda da ke nuna hanyar da zai bi zango-zango, da lokacin da ake sa ran zai isa kowane wuri, da kuma hanyar da zai sauka ta kai shi ga titi idan yanayi ya ɓaci. Ana barin kofe ɗaya a hannun malami.

Lissafin lokacin ya samo asali ne daga wani ɗan Scotland mai hawan duwatsu, William Naismith, wanda a 1892 ya ƙiyasta cewa lafiyayyen mutum na cin kilomita biyar a sa'a guda, sannan a ƙara masa sa'a ɗaya a kan kowace mita 600 da zai hau.

Yara masu kaya a baya ba sa kai wannan sauri. Idan aka ce suna cin kilomita huɗu a sa'a, to tafiyar kilomita 12 mai hawan mita 600 za ta ɗauke su sa'a huɗu, ban da hutu da cin abinci. Kuma gudun rukuni shi ne gudun wanda ya fi kowa nawa, domin ba a yarda a bar kowa a baya ba.

Sanyi da rafi

Babu zaki ko kura a dajin Birtaniya. Abin da ke kisa shi ne haɗuwar ruwan sama da iska da gajiya.

Idan zafin cikin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, to yana cikin haɗari, kuma ba sai da ƙanƙara hakan ke faruwa ba. Alamun farko su ne karkarwa, da yawan tuntuɓe, da maganar da ba ta fita sosai, da kuma sauyin hali, kamar mai fara'a ya koma faɗa ko ya yi shiru.

Matsalar ita ce wanda abin ya kama ba ya gane halin da yake ciki. Shi ya sa ake koya wa kowa ya riƙa lura da na kusa da shi.

Maganin shi ne a tsaya nan take, a kafa tanti, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa shi cikin buhun barci da shimfiɗa a ƙarƙashinsa, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi.

Wannan darasi an koye shi ne da tsada. A watan Nuwamban 1971, guguwar ƙanƙara ta rutsa da wasu 'yan makaranta daga birnin Edinburgh a kan tsaunukan Cairngorm na Scotland. Ɗalibai biyar da wata mai taimaka wa jagorarsu, 'yar shekara 18, suka rasu. Bayan wannan ne aka tsaurara sharuɗɗan horon masu kai yara kan duwatsu.

Rafi ma haka. Wanda aka tsallake da safe da taku ɗaya na iya cika ya tumbatsa kafin la'asar. A watan Maris na 2007 ruwa ya tafi da wata yarinya 'yar shekara 14 a Dartmoor lokacin da take atisayen shiga Ten Tors, kuma a watan Mayun wannan shekarar sai da sojoji suka dakatar da tattakin a tsakiya, suka kwashe yaran saboda cikar rafuka.

Abin da ake faɗa wa 'yan kadet a taƙaice shi ne, idan rafi ya cika a nemi gada, komai nisanta.

Idan kuma ana neman agaji, akwai alamar da masu hawan duwatsu suka sani: a busa usur sau shida, a dakata minti ɗaya, a sake. Da dare ana yin haka da tocila. Wanda ya ji zai amsa da busa uku. Mai waya kuma zai kira 999 ya nemi 'yan sanda, su ne za su tayar da masu ceto, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne da ke barin aikinsu ko barcinsu su fito.

A zango kuwa dokar da ba a sassautawa ita ce ta girki: ba a kunna risho a cikin tanti. Tantin na iya kamawa da wuta cikin daƙiƙoƙi, kuma hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa, na iya kashe masu barci.

Dajin da ke da masu shi

Sashe na biyu na horon shi ne wanda baƙo ya fi mamakinsa. Kusan duk inda waɗannan yara za su taka a Ingila mallakar wani ne, ko manomi, ko attajiri, ko wata hukuma. Hatta tuddan da ake gani kamar babu kowa, makiyaya ce ta tumakin wani.

Izinin ratsa su kuwa sai da aka yi gwagwarmaya aka samu.

A ranar 24 ga watan Afrilun 1932, ɗaruruwan mutane, akasarinsu ma'aikata daga biranen Manchester da Sheffield, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu shi suka keɓe domin harbin tsuntsaye. An yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar.

Sai a 1949 aka yi dokar kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa, kuma a 1951 yankin da Kinder Scout yake ya zama na farko. Wata doka ta shekarar 2000 ta ba jama'a damar yawo a ƙafa a kan tuddai da makiyayun da aka shata a taswira, amma duka-duka ba su wuce kimanin kashi takwas cikin ɗari na ƙasar Ingila ba.

A sauran wurare, mai tafiya na da haƙƙi ne kawai a kan turbar da doka ta amince da ita. Akwai irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000 a Ingila da Wales, kuma da yawansu sun ratsa ta tsakiyar gonaki, wasu ma ta ƙofar gidan manomi.

Abin ya yi kama da burtali. Manomi ba shi da ikon toshe shi, mai wucewa kuma ba shi da ikon kauce masa ya faɗa cikin shuka. Kibiya rawaya a jikin turke na nufin hanyar ƙafa ce kawai, shuɗiya kuma an yarda da doki da keke.

A nan ne ilimin taswira da ladabi ke haɗuwa. Rukunin da ya ɓata hanya shi ne ke tattake alkama, shi ne ke haura katanga, shi ne kuma ke ƙwanƙwasa ƙofar manomi da tsakar dare.

Batun ƙyaure

An fara buga ƙa'idojin zama da mutanen karkara a 1951, aka sake musu fasali a 2004, sannan aka sabunta su a 2021. Scotland na da nata daban, domin dokar da ta yi a 2003 ta ba jama'a dama mai faɗi fiye da ta Ingila.

Wani sauyi da aka yi ya nuna yadda aka saurari manoma. Tsohuwar ƙa'ida cewa ta yi a rufe kowane ƙyaure. Ta yanzu cewa ta yi a bar shi yadda aka same shi.

Dalili shi ne manomi kan bar ƙyaure a buɗe da gangan domin dabbobinsa su kai ga ruwa. Wanda ya rufe shi da kyakkyawar niyya na iya barin garke da ƙishirwa. Wanda kuma ya bar rufaffe a buɗe na iya sakin shanu a kan titi, ko ya haɗa raguna da tumaki a lokacin da ba a son barbara.

A cikin rukuni abin ya fi wuya, domin na ƙarshe bai ga yadda na farko ya tarar da ƙyauren ba. Saboda haka ake koya musu cewa wanda ya buɗe shi ne zai tsaya har kowa ya wuce, ya rufe da hannunsa.

Katangun da suka raba gonakin tuddai an jera su ne da duwatsu zalla, babu siminti babu laka, wasunsu sun haura shekara ɗari biyu. Yaro ɗaya da jaka a baya na iya rusa abin da zai ci wa magini kwanaki. Akwai matakala da aka tanada a inda hanya ta ratsa katanga, kuma ta nan kaɗai ake haurawa.

A cikin shuka ana tafiya ne a jere, ɗaya bayan ɗaya. A kan titin da babu gefen masu ƙafa ana bin hannun dama, domin a fuskanci motocin da ke tahowa, tun da a Birtaniya ta hagu ake tuƙi.

Dabbobi kuwa ana ba su tazara, musamman saniya mai ɗan maraƙi. Tunkiya mai ciki da aka firgita na iya yin ɓari, kuma lokacin haihuwar tumaki ya zo daidai da watannin da 'yan kadet suka fi fita atisaye. A wuraren da dokar 2000 ta buɗe, dole kare ya kasance a ɗaure da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa.

Manoman Birtaniya ba su manta da shekarar 2001 ba, lokacin da cutar baki da kofato ta ɓarke, aka hallaka dabbobi sama da miliyan shida. An rufe hanyoyin ƙafa a faɗin ƙasar saboda ƙwayar cutar na iya bin takalmi daga gona zuwa gona, kuma a shekarar ba a yi Ten Tors ba.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Duk abin da aka shigo da shi a fita da shi, har ɓawon ayaba da na lemo, domin a cikin sanyin tuddai sukan daɗe ba su ruɓe ba. Ba a wanke tukunya a cikin rafi, sai a ɗebi ruwa a koma gefe. Mai biyan buƙata zai yi nisan aƙalla mita 30 da ruwa, ya haƙa rami ya binne.

Ba a hura wuta. Ƙasar waɗannan tuddai ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta taru shekaru dubbai, kuma idan ta bushe ta kama, wutar kan ci ta ƙarƙashin ƙasa kwana da kwanaki bayan an ɗauka ta mutu.

Ina za a kwana?

A mafi yawan Ingila da Wales, kafa tanti ba tare da izinin mai ƙasa ba shiga haƙƙin wani ne, ko da a wuraren da aka yarda a yi yawo. Don haka malaman kadet kan nemi izinin manoma tun da wuri, kuma manomin da aka bar wa shara bana ba lalle ne ya amsa baɗi ba.

Dartmoor ne ya fita daban. An daɗe ana ɗaukar cewa wata doka ta 1985 ta halatta kwana a makiyayunsa na gama-gari, har sai da wani mai ƙasa a yankin ya ƙalubalanci hakan a kotu.

Babbar kotu ta ba shi gaskiya a watan Janairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Yulin wannan shekarar, sannan a watan Mayun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da cewa jama'a na da wannan haƙƙi.

Hukumar da ke kula da gandun ta gindaya nata sharuɗɗan. Sai a wuraren da ta nuna a taswirarta, da tantin da mutum zai iya goyawa a bayansa, nesa da titi da gidajen jama'a, kuma kada a wuce dare biyu a wuri guda.